Kifin Madam Hadiza da 'Ya'yan Sauro

Tun da kuka fara ganin akwatin kifi a cikin waya kuke zuwa nan kuna ce mini ai abin ba wuya, gilashi biyar ne da gam, a zuba ruwa, a saki kifi. Ban musa ba, gilashin biyar ne. Amma ku zauna kan bencin nan, ku janye ƙafa daga wancan ɓallin gilashin kafin ya gaisa da ku, in gaya muku yadda na yi da wannan sana'a, da kuma wani aiki guda wanda har yau in aka tambaye ni ko na iya shi, ban san amsar da zan bayar ba.

Aikin farko da aka ba ni a Maraɗi, a shagon maigidana Malam Lawali, shara ce. Ba sharar tsintsiya kawai ba. Sai ka jiƙa tsumma ka bi daɓe kana dannawa, don garin gilashi ba ya jin tsintsiya, tafin ƙafa yake jira. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in taɓa abin yanka, wanda muke ce wa diyama, ɗan ƙarfe mai 'yar taya a baki wadda ba ta wuce ƙwayar gero ba. Ana tsoma bakinsa cikin kananzir, a aza katako miƙaƙƙe, a ja sau ɗaya. Malam Lawali ba ya kallon hannunka in kana yanka, kunne yake kasawa. In ya ji ƙara kamar an yaga sabon yadi, sai ya ci gaba da shan shayinsa. In ya ji kamar ana taka yashi, sai ya ce, "Ka kashe min gilashi," ko juyowa bai yi ba. Kuma ba a maimaita layi. Wanda ya bi layi sau biyu ya ɓata gilashin, ya ɓata diyaman. Bayan yanka sai a goge baki da dutse da ruwa har sai ka iya shafa shi da leɓenka ba ka ji tsoro ba.

Tagogi muke yi a lokacin, da madubin kabad, da akwatin nuna burodi, da na masu sayar da agogo. Akwatin kifi na farko wani mai kantin magani ne ya sa mu, ya gani a Kano ya dawo da sha'awa. Muka haɗa shi da gam ɗin da muke liƙa taga, ya riƙe ruwa tsaf, ko ɗigo babu. Aka saki kifi, kafin mako ya zagayo duk sun juya ciki sama. Aka sake sayo wasu, su ma suka bi 'yan'uwansu. Sai daga baya wani mai sayar da kifin ya gaya mana cewa gam ɗin taga akwai maganin hana funfuna a cikinsa, shi ke kashe su. Na kifi daban ne, shi ne mai warin tsami da ke sa ido hawaye, kuma sai an bar shi ya bushe har warin ya fita sarai. Kun ga wannan ba a ganin shi a cikin waya, don waya ba ta da hanci.

Da na dawo gida Gidan Rumji na buɗe wannan shagon, akwatin kifi ya zama abin da aka san ni da shi. Masu kantin magani, masu otal, manyan 'yan kasuwar hatsi, har daga Tibiri da Cadawa ana aiko mini. Abin da suke so bai da wuyar ganewa: akwati babba, tsakuwa mai launi, ciyawar roba, fitila a sama, ɗan inji mai hura kumfa, da jajayen kifaye masu wutsiya kamar gyale. Mai gida yana so baƙo ya shigo ya ce "Kai!" tun daga bakin ƙofa. In baƙo ya ce kai, aikina ya yi.

Sai shekarar nan da aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa ya wuni ya kwana. Gilashi ya daina shigowa, gam ɗin da ya rage a kasuwa ya daskare cikin kwalinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Injin kumfa da kuran yake aiki, jan kifi kuwa da yawa a akwati ɗaya ba ya rayuwa babu shi, balle cikin zafin bazara. Kifaye suka mutu gida-gida. Wani alhaji na Cadawa ya ɗoro nasa akwatin a amalanke ya aiko mini, ya ce in ajiye, ba ya son ganinsa. Wani na same shi ya cika nasa da gyaɗa, ya ce aƙalla ɓera ba ya huda shi. Wata hajiya 'yan tsaki ta zuba a nata. A kasuwa aka sa wa abin suna makarar kifi. Na koma yanka madubin babur da gilashin hoto daga guntayen da na tara, in na ji an ce kifi sai in duƙar da kai.

A shekarar da ta biyo, hanya ta buɗe amma kuran bai gama hankali ba, Madam Hadiza ta aiko a kira ni. Ita ce ta koyar da ni a lakol, makarantar boko, 'yan shekarun da na yi kafin a kai ni koyon sana'a. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu, tana zaune a tsohon gidansu na ƙasa kusa da unguwarmu. Ɗanta Nasiru yana karatu a Amurka. Likita ya ce tana da hawan jini, shi kuma Nasiru ya ji an ce kallon kifi yana kwantar da zuciya.

Na gaishe ta na durƙusa, ta ce, "Sani, tashi ka zamna. Nasiru ya ce kihi za ka sa min."

Na ce, "Madam, kifi yanzu? Ai kin ji abin da ya faru."

Ta ce, "Na ji. Shi ya ce wanga kihi bai buƙatar kuran. Ga shi nan ka ji da kunnenka, ni kaina ya yi zahi."

Ta kunna mini saƙon muryarsa. Na saurara, na ce ta maimaita, ta maimaita. Duk abin da na sani, yaron nan ya juye shi. Akwati ƙarami, wanda bai fi a rungume shi ba. Ba injin kumfa, don kifin ba ya son ruwa mai motsi. Ba tsakuwa mai launi, sai ƙasa a gindi da yashi a sama. Ba ciyawar roba, sai ta gaske, kuma a cika ta har a kasa hango bayan akwatin. Ba ruwan rijiya, sai na sama. Sannan in an gama duk wannan, kada a sa kifi, a bar akwatin haka nan ya yi makonni.

Na ce, "Madam, wane irin kifi ne wannan?"

Ta ce, "Ya faɗi sunanshi da Turanci. Na ce ya fassara min, ya ce wai wadan kihin rana."

"To a rana za a ajiye shi ke nan."

"A'a. Ya ce bai son rana ko kaɗan."

Muka kalli juna. Ta cire tabarau ta goge ta maida, ta ce, "Kai dai yi abin da ya ce. In ya ɓaci, shi muka yi wa faɗa."

Akwatin kansa bai ɗauke ni wuni ba. Ciyawar ce ta sha ni. Na ɗauki babur da bokiti na bi Gulbi har inda wani tabki yake da ba ya ƙafewa, na naɗe wando na shiga. Masu ban ruwan lambu suka tsaya suna kallona, suna jiran su ga na jefa koma, sai suka ga ina tsinkar ciyawa ina dubawa kamar mai zaɓen atamfa. Na samo kainuwa ƙanana masu doguwar saiwa, da wata ciyawa mai siraran ganye kamar jelar doki wadda ke zama cikin ruwa ba ta kafa gindi, da gansakuka mai laushi da ke manne a jikin itace. Nasiru ya ce a wanke komai a duba ganye-ganye, don akwai 'ya'yan mazari da ke ɓuya a ciki, su kuwa kifin suke ci. Na tsaya a nan ma ina tunani: wane kifi ne ƙwaro ke cinyewa? Na wanke dai, na tsince, na ga wasu munanan ƙwari masu ƙaton kai na jefa wa kaji.

Ruwan sama na farko ba a tara shi, ya wanko ƙurar kwano da kashin tsuntsu. Na biyu muka tara a bidon, jarkar roba. Na shimfiɗa ƙasa kaurin yatsa, na rufe da yashin gulbi wanda na wanke har ruwan ya fita fari, na kifa faranti a kai na riƙa zuba ruwa bisa farantin don kada ya tono ƙasar. Duk da haka ya tono. Akwatin ya zama kamar kunu. Kwana kaɗan ya kwanta, muka yi murna, sai ya juye ya yi fari kamar ruwan gasara. Daga nan ya koma kore. Kullum na je na same shi da sabon launi, Madam na zaune a gabansa da waya a hannu.

Ta ce, "Na aika mishi hoto. Ya ce wai haka aka so."

"Koren ma?"

"Koren ma. Sani, ni kam jinina hawa yake, ba sauka ba."

Mun ajiye shi a tsohon ɗakin soro mai kaurin bango, inda haske ke shigowa ta 'yar taga da safe kawai. Na lulluɓe bayansa da gefensa da buhun algarara jiƙaƙƙe, yadda ake yi wa tulu, don iska ta riƙa sanyaya shi. Wata safiya na shiga na tarar ruwan ya washe garau, ciyawa ta yi sabon toho, wasu 'yan dodon koɗi na bin gilashi. Ban yi komai ba, ban san abin da ya gyaru ba. Na dai karɓi godiya.

Kifin daga Kano ya zo, wajen wani mai shigo da irinsu, direban motar Maraɗi ya kawo mini kwali a tasha. Na buɗe na ciro leda mai ruwa na ɗaga ta a rana. Ruwa ne da ɗan guntun ciyawa. Na ce wa direban an cuce mu, ya ce shi kwali aka ba shi. Sai da na shiga inuwa na ƙura ido, na ga wasu abubuwa masu launin ƙasa sun lafe a kusurwar ledar, kowanne bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Ko talibambam ya fi su cika ido.

Na kai wa Madam. Muka ɗora ledar bisa ruwan akwatin don zafinsu ya zama ɗaya, na riƙa ɗiban ruwan akwati da ludayi ina ƙara musu kaɗan-kaɗan, sannan na karkata ledar. Suka fita, suka shige ciyawa. Shi ke nan.

Madam ta jira, ta jira, ta ce, "Ina suke?"

Na ce, "Suna ciki."

"Ka tabbata?"

"Da hannuna na zuba su, Madam."

"To ni mi zan kalla?"

Duk rayuwata ina gina wa kifi ɗaki don a gan shi, yau na gina masa wurin ɓuya.

Abinci ne ya jawo babbar rigimar. Na barbaɗa musu garin abincin kifi irin wanda jajayen nan ke wawaso, ya yi yawo bisa ruwa ya nutse, ba wanda ya leƙo. Aka tambayi Nasiru, ya ce af, ya manta bai faɗa ba, ba sa cin abin da ba ya motsi. Abin da ya fi sauƙin samu a wajenmu shi ne 'ya'yan sauro, 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil cikin kwantaccen ruwa. Na ɗaure guntun gidan sauro a bakin waya na yi 'yar koma, na riƙa bin kududdufai bayan ruwan sama. Wata rana a samu, wata rana a rasa. Sai na ga dabara ita ce in jera tsofaffin tasoshi a bayan shagon nan, in zuba ruwa da busasshen ganye, sauro ya zo ya yi ƙwai, ni kuma in tace kullum kafin su yi fiffike.

Damina ta yi nisa, zazzaɓi ya shigo gari kamar yadda ya saba. Ma'aikatan lafiya suna bi unguwa-unguwa suna cewa a zubar da duk wani kwantaccen ruwa. Ni kuma ga ni da tasoshi a jere ina leƙa su safe da yamma. Maganar ta fara da dariya, wai Sani mai gilashi ya bar kifi ya koma kiwon sauro. Daga nan ta daina zama dariya. Aka ce wani malami ne ya ba ni laƙani in yi don kasuwata ta dawo. Aka ce ana ganina ina shiga gidan Madam da kwalba, in fito babu. Masu zama a bencin nan suka ragu, wanda ya kawo aikin taga ya zo ya ɗauke katakonsa.

Sai Balki, 'yar maƙwabcina Illa tela, ta kwanta. Zazzaɓin ya yi mata tsanani har aka kwantar da ita a gidan likita ana ƙara mata ruwa. Ni da Illa bango ɗaya ya raba shagunanmu, tare muke cin abincin rana shekara da shekaru. Ran nan ya zo ya tsaya a ƙofar nan, bai yi sallama ba.

Ya ce, "Sani, in ɗiyata ta mutu, kai na."

Na buɗe baki in yi bayani, na ji bayanin da kunnena tun kafin ya fito, na san ba zai shiga ba. Ni kaina ban da tabbas. Ina tacewa kullum, amma wa zai rantse ba ko ɗaya da ya tsere?

Washegari mai unguwa ya aiko. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, amma kunnensa ras. Na tarar da Illa da dattawa biyu a zaure. Na faɗi gaskiyata daga farko har ƙarshe.

Mai unguwa ya ce, "Kihi ka ba sauro?"

Na ce, "'Ya'yansa, ranka shi daɗe."

"Kihin na ci na?"

"A'a, na kallo ne."

"To mu tai mu kalla."

Muka ɗunguma gidan Madam, ina riƙe da kwalbar 'ya'yan sauro, mutane na leƙowa daga ƙofofi. Muka shiga ɗakin soro. Ga akwati, ga ciyawa kore shar, ga dodon koɗi. Ba kifi. Ɗaya daga dattawan ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa, wanda ko da akwai mai niyyar fitowa ya fasa.

Illa ya ce, "Kun gani? Ciyawa ce. Ina kihin?"

Tun ranar da na zuba su, ni kaina ban fi in hango wutsiya tana shigewa ba, ita ma ban rantse ba. Na fara tunanin ko sun mutu tuni, ko wani ɗan mazari ya tsere mini ya cinye su, ina ta ɗawainiyar ciyar da ruwa.

Madam ce ta yi magana, da muryar nan tata ta aji. Ta ce, "Malam, janye hannunka daga gilashi. Ku zamna ƙasa duka. Ranka shi daɗe, ga kujera. Ba magana, ba motsi. Wanda bai iyawa ya hita."

Dattawa masu furfura suka zauna bisa tabarma suka naɗe ƙafa. Ta karɓi kwalbar ta tsiyaya kaɗan a kusurwa, ta koma ta zauna. 'Ya'yan sauro suka bazu suna wutsil-wutsil. Muka yi shiru har ana jin awaki na tuƙa a tsakar gida. Ƙafata ta yi sanyi. Wani dattijo ya fara gyangyaɗi.

Sai Illa ya kama gwiwata ya matse. Na bi idonsa. Daga ƙarƙashin gansakuka wani abu ya fito, baƙi wuluk kamar gawayi, alhali masu launin ƙasa na zuba. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigon shuɗi mai walƙiya kamar an yayyafa masa garin madubi. Ya tsaya cak cikin ruwa, ya zura ido ga wani ɗan sauro, ya matsa a hankali, sai kawai muka ga ɗan sauron babu. Daga nan ya buɗe fikafikansa duka, ya riƙa karkaɗa jiki yana tafiya a karkace, gaba kaɗan, baya kaɗan, a gaban wata mai launin ƙasa da ta leƙo daga saiwar kainuwa.

Illa ya ce da raɗa, "La ilaha illallahu. Rawa yake."

Mai unguwa ya ce, "Mi na na? Ni ban ga komi ba."

"Akwai shi, ranka shi daɗe. Ya ci sauron, na gani da idona. Ɗan baƙi na, awa ƙwayar wake."

Mai unguwa ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, kifin ya ɓace. Ya daɗe yana dubawa, ya koma ya jingina. Ya ce shi dai bai ga kifi ba, amma tun da mai ƙara ne da kansa ya ba da shaida, ya karɓa. Sai dai ba a kiwon sauro a unguwarsa ko don wane ne. Tasoshi a kife su yau. In kifin Madam na son 'ya'yan sauro, in bi gidaje in roƙa, ya tabbata ba za a rasa ba.

Na kife tasoshi kafin la'asar. Washegari na ɗauki 'yar komata na fara sallama gida-gida, ina jin kunya kamar in nutse. Ba a rasa ba kuwa. Tsohuwar taya a bayan ɗaki, fasasshen tulu, kaskon kaji, gindin randa, ko'ina suna nan. In na tace sai in kife abin in wuce. Gidan Illa ma na samu a cikin wani tsohon bokitin guga, yana tsaye yana kallo na tace na kife shi. Balki ta tashi, Allah ya ba ta lafiya, bayan mako biyu na gan ta tana tallar ƙosai. Ko saurona ne ya cije ta, ko nasu, ko na wani, wannan har gobe ban sani ba. Illa ya dawo cin abinci da ni, amma mun daɗe ba mu taɓo zancen ba. Matan unguwa kuwa suka sa mini suna mai komar sauro, har aike suke yi: a gaya wa Sani randarmu ta yi baƙi, ya zo ya kwashe su.

Lokacin sanyi kifayen suka saki jiki. Madam ta ce in ta zauna shiru bayan ta karya kumallo suna fitowa, har ta san mai baƙin nan da inda yake kwana. Ko jininta ya sauka, ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Sai bazara ta kama. Ina jiƙa buhu safe da rana, ruwan akwati na ƙafewa ina ƙarawa da na saman da muka adana, duk da haka in ka sa yatsa sai ka ji shi ɗumi. Wata safiya ta tsinci baƙin a bisa ruwa, ya koɗe ya koma launin toka. Bayan kwanaki wata ta bi shi. Nasiru ya ce dama ba su da tsawon rai, shekara ɗaya ce da 'yan kai. Wannan ma bai faɗa ba tun farko. Muka ci gaba da zuba abinci, 'ya'yan sauro suka riƙa kwana a ciki ba mai taɓa su, har na koma ina tsame su da kaina.

Madam ta ce, "Sani, zo ka kwashe abinka. Na gaji da gaida ɗakin da ba kowa."

Na zo da bokiti da roba. Na fara tsame kainuwa, na ciro ciyawar nan mai kama da jelar doki na zuba a roba, na zuƙe ruwa da tiyo har ya rage kaɗan, gindin ya dame ya koma kunu. Na ɗauki robar ciyawa zan kai wa awaki. A bakin ƙofa haske ya faɗa cikinta, sai na ga wani abu ya motsa a ɗan ruwan da ya taru a gefe. Na ɗauka ɗan sauro ne, amma ɗan sauro lanƙwasa yake, wannan kuwa miƙe yake tafiya, ya tsaya, ya ƙara gaba. Siriri kamar gashin ido, da ɗigo biyu baƙaƙe a kai. Na tsuguna. Ga wani. Ga wani kuma a jikin gansakuka.

Na ce, "Madam, zo ki gani. Akwai mutane a ciki, ashe sun bar 'ya'ya."

Ta zo ta duƙa da tabarau, ta daɗe. Ta ɗago ta dubi akwatin da na wargaza, ta dubi awakin da suka taso suna miƙo wuya, ta daka musu tsawa irin wadda ban ji ba tun ina aji.

Ta ce, "Maida musu ɗakinsu. Yadda yake. Maza."

Na maida ruwan da na zuƙe, na maida ciyawa a hankali da ludayi da tafin hannu, ina addu'a kada in murƙushe wani. Akwatin ya tsaya jawur da laka, ko dodon koɗi ba a gani. Madam ta jawo kujerarta ta zauna a gabansa ta gyara tabarau.

Na ce, "Madam, ai ba abin da za ki gani yau, sai ya kwanta."

Ta ce, "Na sani. Kai dai tashi ka samo musu abinci. Ɗan sauro ya hi bakinsu, ka nemo wanda bai kai shi ba."

Na ce to. Na fito na rataya 'yar komata, na hau babur na tada shi. Na daɗe a ƙofar gidan injin na ruri, ina tunanin wane abu ne a duniyar nan bai kai ɗan sauro ba, kuma a gidan wa zan yi sallama in roƙe shi.